Sanadin Sauti: Lacca a Kan Ingancin Abin da Muke Saurara a Gidajenmu

 



Mas'alar da aka ɗora mini in yi magana a kanta yau, a zahirinta za a ɗauka ta masu sayar da rediyo ce da samarin da ke tura wa mutane waƙoƙi a katin memori. Amma duk wanda ya tsaya ya tuna cewa karatun Alƙur'ani mai girma, da tafsirin malamanmu, da muryoyin mawaƙan da suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu ta cikin waɗannan na'urori suke iso kunnuwanmu a wannan zamani, zai yarda cewa al'amarin ya cancanci a zauna a yi masa nazari na tsanaki. Tambayar ita ce: idan mutum ya kunna abu a ɗakinsa ya ji sautin ya fita tangaram, ko kuwa ya ji shi a dakushe, wa ke da alhakin haka? Faifan ne, ko irin fayil ɗin, ko akwatin da ya saya da tsada, ko wani abu dabam da bai taɓa kai hankalinsa gare shi ba?

Zan aro ma'auni ɗaya daga malaman hadisi, ba domin in daidaita darajar abubuwan biyu ba, Allah ya kiyaye, sai domin su ne suka fi kowa sanin yadda ake bin magana daga bakin wanda ya faɗe ta har zuwa kunnen wanda ta iske. Su ba su karɓar matani sai sun binciki sanadi, kuma idan maruwaici ɗaya a cikin jerin ya kasance mai rauni, amincin sauran ba ya ɗauke wannan rauni. To, sauti ma riwaya ne. Ya fito daga maƙogwaron makaranci ko daga fatar kalangu, makirfo ya karɓa, na'urar ɗauka ta adana, mai gyara ya sarrafa, aka zuba shi a wani irin fayil, waya ko akwati ya karanta, amfilifaya ta ƙarfafa, lasifika ta mayar da shi iska, ɗaki ya yi masa abin da ya yi, sannan kunne ya ji. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, galibin gardamar da ake yi a kan wannan fanni ana yin ta ne a kan maruwaitan da suka fi aminci, ana kuma kau da kai daga waɗanda suka fi rauni.

Tun daga shekarar 1877, lokacin da Thomas Edison ya fara kama murya a na'ura, har zuwa zamanin garmaho da faifansa, da kaset ɗin da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, hanyar guda ce: a zana surar girgizar iska a jikin wani abu, ko a tsagar faifai ko a maganaɗisun zare. Aibin wannan hanya kuwa, kowane kwafi yana ƙasa da wanda aka kwafo shi daga gare shi, kuma dattawan da ke nan sun san yadda kaset ɗin da aka yi ta juyawa daga hannu zuwa hannu yake cika da huci har muryar ta nutse a ciki. Da faifan CD ya bayyana a 1982, ta haɗin gwiwar kamfanonin Sony da Philips, sai aka sauya asalin dabarar: aka daina zana sauti, aka koma auna shi ana rubuta awon da lambobi, sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo kuma da bit 16. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Harry Nyquist a 1928, da Claude Shannon bayansa a 1949, sun kafa hujjar lissafi cewa matuƙar yawan awon ya haura ninki biyu na mafi sirantar amon da ake son kamawa, to ana iya dawo da sautin cikakke babu giɓi. Kunnen ɗan'adam kuwa, a ƙuruciyarsa da cikar lafiyarsa, yana jin girgizar da ta kama daga 20 zuwa 20,000 a sakan, ba ya wuce nan. Saboda haka zancen da ake yawan ji, cewa wai sautin lamba a yayyanke yake kamar matakala, zance ne da lissafi bai goyi bayansa ba.

Sai dai fayil irin wannan yana da nauyi, domin yana cin kilobit 1,411 a sakan, wato kimanin megabayit 10 a kowane minti, kuma a zamanin da layin intanet yake siriri babu mai iya ɗaukar wannan kaya. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma rabuwar ta yi daidai da abin da malamai ke kira riwaya da lafazi da riwaya da ma'ana. Fayil ɗin WAV, da FLAC wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, da ALAC na kamfanin Apple, duk riwaya ce da lafazi: FLAC yana matse kayan ya koma wajen rabin nauyinsa ko sama da haka kaɗan, amma idan aka kwance shi lambobin suna dawowa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda suke tun farko, don haka wanda ya ce ya ji bambanci tsakanin WAV da FLAC na asali guda, ya ji abin da babu shi. MP3 kuwa, da AAC da ya biyo bayansa a 1997, da Opus na 2012, riwaya ce da ma'ana: suna zubar da wani sashe na sautin har abada, suna riƙe abin da suka yi zaton kunne yana bukata.

Ya kamata mu ɗan daɗe a kan yadda ake wannan zubarwa, domin akwai hikima a cikinta wadda ta cancanci a jinjina wa masu ita. Masanan cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun gina aikinsu a kan wata tawaya da Allah ya sanya a kunnen mutum, wato idan amo mai ƙarfi da amo mai rauni suka taru kusa da juna a zango, mai ƙarfin yakan rufe mai raunin har ya zama kamar ba a yi shi ba, kuma wannan rufewa takan ɗan ci gaba bayan mai ƙarfin ya shuɗe. To, sai na'urar ta yanka sautin gunduwa-gunduwa, ta duba kowace gunduwa, ta ƙiyasta abin da kunne ba zai ji ba, ta rage kulawa da shi, ta ba da lambobinta ga abin da zai ji. Da wannan dabara, wadda aka tabbatar da ƙa'idarta a 1993, fayil mai kilobit 128 ya zama kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyin CD, alhali mai saurare yana jin waƙarsa. An san cewa Brandenburg ya yi ta gwada na'urarsa da waƙar Suzanne Vega mai suna Tom's Diner, wadda ta rera da murya zalla babu kiɗa, saboda ya tarar muryar mutum ita kaɗai tana tona asirin kurakuran da taron kayan kiɗa ke ɓoyewa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da mafi yawan abin da muke saurara murya ce tsura.

Inda dabarar ke tuntuɓe shi ne wajen amo mai faɗowa kwatsam. Tun da gunduwa-gunduwa ake aikin, idan bugu mai kaifi ya faɗo a tsakiyar gunduwa, ƙurar kuskuren takan bazu har zuwa gabanin bugun, sai a ji wani ɗan shuu yana riga shi isowa. Turawa da tafi da 'yan katakon rawar Sifaniya suke gane wannan aibi; mu kuwa, a saurari bugun kuge, ko kaɗawar caki, ko saukar maƙaɗi a fatar kalangu cikin fayil mai kilobit 64, za a ji kaifin ya tafi, bugun ya yi laushi, kacau-kacau ɗin caki ya koma kamar ana motsa ruwa. Idan aka hau zuwa 128 aibin yana raguwa sosai; idan aka kai 256 a AAC ko 320 a MP3, kuma na'ura mai kyau ta yi matsewar daga asali mai kyau, to a ra'ayina, wanda kuma gwaje-gwajen da aka yi a rufe suka ƙarfafa, mafi yawan mutane a mafi yawan waƙoƙi ba za su iya rarrabe shi da CD ba. Malamai sun halatta riwaya da ma'ana ga wanda ya san harshe ya kuma san abin da ke sauya manufa, kuma ni ban ga laifin MP3 mai kyau ga mai saurare ba.

Laifin yana wajen maimaitawa. Wani ya ɗauki karatu ya matse shi, ya ɗora a YouTube, can aka sake matse shi da AAC ko Opus; wani ya sauko da shi ya mayar MP3, matsewa ta uku ke nan; wani ya kunna a lasifika ya ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, wanda aka tsara domin hira mai sauƙin nauyi; daga nan ya shiga katin memori ya zaga kasuwanni. Kowane mataki yana zubar da nasa rabon, yana kuma ɗaukar kurakuran na baya a matsayin asali ya gina a kansu. Mafi muni kuma shi ne wanda zai ɗauki irin wannan fayil da ya riga ya rame, ya juya shi zuwa kilobit 320 ko FLAC, ya rubuta masa sunan inganci: nauyi ya ƙaru, abin da ya tafi bai dawo ba, kuma wannan a istilahin malaman hadisi tadlisi ne, ɓoye rauni ta hanyar kyautata zahirin sanadi. Maganinsa mai sauƙi ne ga wanda ya sani, domin idan aka aika fayil a matsayin takarda, ba a matsayin saƙon murya ba, yana isa yadda yake.

Ina roƙon almajirai da masu koyar da tajwidi su ba ni hankalinsu a nan. Haruffan safiri, wato sinun da sadun da zayun, da shinun mai tafasshi, da sa'un mai ɗigo uku da fa'un, abin da ke rarrabe su ga kunne yana zaune ne a sama can cikin siraran amo, mafi yawansa sama da girgiza 4,000 a sakan. Tsohon layin tarho kuwa daga 300 zuwa 3,400 kaɗai yake ɗauka, shi ya sa mutane ke kasa bambanta sa da fa a waya sai sun maimaita. Matsewa mai tsanani ita ma siraran amon take fara ci. Yaron da ke koyon makhraji daga fayil ɗin da aka tsotse, ta cikin lasifikar waya mai girman ƙwayar gyaɗa, yana kwaikwayon abin da ya ji ne, abin da ya ji kuwa tauyayye ne. Lokacin da Shaihu Mahmud Khalil al-Husari ya kammala ɗaukar Alƙur'ani murattal a Masar a 1961, ya kuma ƙara da riwayar Warshu da muka gada a ƙasashenmu, manufar aikin ita ce a kiyaye lafazi ga na baya; abin takaici ne a ce wannan ɗawainiya ta iso hannun 'ya'yanmu bayan an matse ta sau huɗu. Ba na cewa na'ura za ta maye gurbin durƙusawa gaban malami, domin karatu daga baki ake karɓarsa, amma tun da an riga an dogara da ita wajen tilawa da maimaici, wajibi ne a nemi mafi ingancinta.

Akwai kuma waɗanda suka wuce iyaka ta ɗaya gefen, suna cewa CD ma bai isa ba, sai fayil mai awo 96,000 ko 192,000 da bit 24, ko faifan SACD da ya fito a 1999. Ga mai ɗaukar sauti da mai gyara shi, bit 24 yana da fa'ida tabbatacciya, domin yana ba shi sarari ya yi aiki ba tare da tsoron cikawa ko huci ba. Ga mai saurare a gida kuwa, a duba lissafi: bit 16 yana ba da tazarar desibel 96 tsakanin mafi raunin amo da mafi ƙarfinsa, ɗaki mai shiru ƙwarai yana da hayaniyar kansa ta wajen desibel 30, kuma wanda zai ji wannan tazara dukkanta sai ya ɗaga sautin har ya wuce inda kunne ke jin zafi, balle ɗakin da fanka ke juyawa, janareta na ruri a bayan taga. A 2007 Brad Meyer da David Moran na birnin Boston suka jarraba masu saurare a rufe, suna kunna musu sauti mai babban awo kai tsaye, wani lokaci kuma su bi da shi ta ma'aunin CD, kuma a gwaji 554 amsoshin da suka dace 276 ne, wato daidai da canki-canki. Adalci ya sa in ƙara da cewa a 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya auna su tare, ya sami dacewa kaɗan sama da kashi 52 cikin ɗari, ya kuma ga tana ƙaruwa ga waɗanda aka horar. Bambancin, ke nan, idan akwai shi, siriri ne ƙwarai, kuma ba shi ne zai gyara wa kowa ɗakinsa ba.

Me ya sa nake nanata kalmar "a rufe"? Saboda ido yana yi wa kunne shisshigi. Floyd Toole da Sean Olive sun nuna a 1994 cewa mutane guda, da lasifikoki guda, makin da suke bayarwa yana sauyawa idan sun ga girman akwatin da sunan kamfanin da farashinsa. Haka nan idan aka kunna abu biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi da ɗan abin da ba a lura da shi ba, kunne yakan ce mai ƙarfin ya fi daɗi, kuma mai shago ya san wannan ko da bai karanta shi a littafi ba. Wanda ke son ya hukunta da gaskiya, sai ya daidaita ƙarfin biyun, ya sa wani ya riƙa sauya masa ba tare da ya gani ba, ya yi sau 16. Idan ya dace sau 12 ko fiye, to shaidarsa ta karɓu, idan kuwa bai kai ba, sai ya adana kuɗinsa. Da wannan ma'auni wayoyin haɗi masu tsadar gaske suke faɗuwa, domin wayar jan ƙarfe mai isasshen kauri tana yin abin da ake bukata. Bluetooth shi ma yana sake matse sauti kafin ya aika, amma a kayan zamanin nan hasarar da yake jawowa ba ta kai ta lasifika maras kyau ba.

A nan muka iso ga maruwaici mai rauni na haƙiƙa. Na'urar da ke mayar da lamba sauti, ko ta cikin waya ce, da amfilifaya mai matsakaicin kyau wadda ba a tilasta mata ba, gurɓatawar da suke yi ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Lasifika kuwa, da yake takarda ce da maganaɗisu suna tura iska, gurɓatawarta a amo mai kauri takan kai kashi da yawa cikin ɗari, tana kuma ɗaga wani zango ta danne wani. Wanda ke da naira ɗari ta sayen kayan sauti, mafi yawanta a lasifika ya kamata ya zuba. Kada kuma ya ruɗu da dubban wat da ake rubutawa a kwali tare da haruffan PMPO, domin adadi ne da ba shi da ƙa'idar awo da aka yi ittifaƙi a kanta. Abin dubawa shi ne ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a dawwame, wanda ake rubutawa da RMS, tare da sanin cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa.

Bayan lasifika sai ɗaki, wanda ba a sayensa a shago, shi ya sa ba a tallarsa. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, yana bugun bango ya dawo ya haɗu da mai fitowa. A ɗaki mai tsawon mita 4, amon da ke wajen girgiza 43 a sakan yakan kumbura a jikin bango ya kusa ɓacewa a tsakiya, har mutum biyu a falo ɗaya su yi saɓani a kan ko ganga ta yi yawa ko ta yi kaɗan, kowannensu kuma yana da gaskiya. Gidajenmu na yanzu, da siminti da tayil da gilashi, suna mayar da amo kamar yadda ya zo, kalma ta hau kan kalma. Darduma a ƙasa, labule mai kauri, kujeru masu laushi, kantar littattafai a bango, da janye lasifika daga lungu a ɗaga ta daidai kunnen mai zama, a kuma sa tazarar da ke tsakanin lasifikokin biyu ta yi daidai da tazararsu da shi, waɗannan suna kawo gyaran da kowa zai ji nan take, fiye da sauya MP3 da FLAC nesa ba kusa ba. Kunnen kansa ma amana ne: masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar desibel 85 na awa 8, kowane ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu, kuma siraran amon da ƙara ta kashe a kunne ba su dawowa.

Farkon sanadin shi ne ya fi kowanne nauyi, domin abin da aka ɓata a wurin ɗauka babu fayil ɗin da zai gyara shi. A ƙasashen Turai da Amurka an yi shekaru ana gasar ƙara wa faifai ƙarfi ta hanyar danne ƙololuwar sauti, har faifan ƙungiyar Metallica na 2008 ya jawo koke daga masoyansu kansu saboda tsagewar da ake ji a ciki, alhali a CD yake. Mu namu ya fi wannan sauƙin magani: mai ɗaukar tafsiri a watan azumi wanda ke ajiye waya a gaban lasifikar masallaci yana ɗaukar kuwwar gini ne da tarin jama'a, alhali da ya jona waya daga na'urar haɗa sauti kai tsaye, ya rage amsa-kuwwar da ake ƙara wa makirfo, ya kula kada ma'aunin ya taɓa ja, da ya sami muryar malam tsarkakakkiya.

Akwai kuma kasa-kasan da ke cikin akwatuna da kwalaye a gidajenmu da gidajen rediyonmu, na Alhaji Mamman Shata, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗanmaraya Jos, da karatuttukan malaman da suka rasu, waɗanda zafi da ƙura ke ci kullum, na'urorin kunna su kuma suna ƙarewa. Wanda zai juye su, ya fara karya 'yan haƙoran da ke saman kaset domin kada a goge shi bisa kuskure, ya wanke kan rikodar, ya sa mai gyara ya daidaita ɗan sukurun da ke gefen kan har siraran amo su fito sarai, domin kowane kaset da karkatar da aka ɗauke shi da ita. Ya jona waya daga rikoda zuwa kwamfuta, kada ya ɗauka ta iska. Ya adana a WAV, da awo 48,000 da bit 24 aƙalla, kamar yadda ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya ta yi wasiyya, ba tare da ya goge huci ko ya ƙara armashi a wannan kwafi na asali ba, ya rubuta sunan mai muryar da wuri da shekara idan an san su, ya ajiye kwafi biyu a gidaje biyu. Daga wannan asali ne zai fitar da MP3 ya raba wa jama'a, kuma kaset ɗin kansa kada ya yar da shi bayan an juye.